Sabon takalmin zamiyar ƙanƙara yana cin ƙafata, me zan yi mashi kafin Disamba?

Ɗan Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Ina karatu a Erzurum ta ƙasar Turkiyya, yanzu ina gida Katsina hutu, sai ƙarshen Satumba zan koma. Ina da sabon takalmin zamiya a kan dusar ƙanƙara, ban taɓa hawa dutse da shi ba. Lambarsa 26.5, faɗinsa milimita 100, lambar tauri (wato yadda yake wuyar lanƙwasuwa) 90, makulli huɗu. Tsawon ƙafata santimita 26.3, faɗinta wajen tushen yatsu milimita 104.

In na sa shi yatsuna suna taɓa gaba. Bayan kamar minti goma gefen ƙaramin yatsa na dama ya ɗauki zafi, saman ƙafar kuma ya mutu. Wani ya ce in kai wa masu gyaran takalma a kasuwa su buɗa shi, wani ya ce in tsoma shi a ruwan zafi, wani kuma ya ce in sayar kawai in sayi 27.5. Wanne zan bi? Kuma me za a iya yi a nan gida kafin a fara zamiya a Palandöken, dutsen da ke bakin Erzurum?

Na-Gobarau

Wa alaikumus salam ƙanena. Duka ukun ajiye su tukuna, musamman ta ukun. Yawancin masu kuka da irin wannan takalmi babba suka saya, ba ƙarami ba.

Abu biyu ne a haɗe: ɓawon roba na waje, da 'yar ciki ta soso wadda ake zarewa. Sabon soso a kumbure yake, in ka yi 'yan kwanaki kana zamiya zai kwanta ya ba ka fili. Ɓawo kuwa ba ya ƙaruwa da kansa ko shekara nawa ya yi a ƙafarka. Don haka aikin farko shi ne ka gano wanne ke matse ka.

Kwance makullan duka, ka zaro 'yar cikin. Zura ƙafa ba safa cikin ɓawon, ka tura ta gaba har yatsu su ɗan taɓa hancin takalmin, ka ɗan lanƙwasa gwiwa. Wani ya haska fitilar waya ta baya ya duba tazarar da ke tsakanin diddigenka da bangon ɓawon. Kada a auna da yatsa, don kaurin yatsun mutane ba ɗaya ba ne. A samu kara ko biro wanda aka riga aka auna kaurinsa da rula. Santimita 1.5 zuwa 2 shi ne daidai gare ka. Santimita 1 na masu tsere ne. In ta wuce 2.5, takalmin ya yi maka yawa. Da ƙafa 26.3 a cikin 26.5, ina kyautata zaton tsawon lafiya lau yake.

Ka kuma sani, a yawancin kamfanoni 26 da 26.5 ɓawonsu ɗaya ne. Komawa 27.5 kenan ƙarin santimita guda cif. A ɗaki za ka ji daɗinsa, a kan dutse kuwa da zarar soson ya kwanta diddige zai riƙa ɗagawa, ƙafa ta riƙa sulalewa gaba tana dukan hanci har farcen babban yatsa ya yi baƙi, ƙwauri kuma ya riƙa karo da harshen takalmin. Sai ka ga ba ka da mafita sai tamke makullai, saman ƙafa ya ƙara mutuwa fiye da yanzu. Ƙaramin ɓawo ana faɗaɗa shi, babba ba a rage shi.

Sannan yadda kake sa shi ma abin dubawa ne, don mutane da yawa daga ƙasa suke fara kullewa. Safa ɗaya, siririya, doguwa har ƙasan gwiwa, ta ulu ko ta zaren roba, ba ta auduga ba, kuma ba a ninka biyu. Kada ka cusa ƙafar wando a ciki, ko ɗinki ɗaya ya kwanta a kan ƙwauri sai ya yi maka ciwo. Ja harshen gaba da gefe, ka zura ƙafa, ka buga diddigen takalmin a ƙasa sau biyu don naka diddigen ya zauna a gurbinsa. Fara da makulli na biyu daga sama, wanda ke kusa da idon sawu, shi ke riƙe diddige. Sai na sama, sai ɗamarar da ke zagaye bakin takalmin daga sama. Ka tura gwiwa gaba da ƙarfi sau uku ko huɗu, sannan ka kulle biyun ƙasa, su kuma da yatsa ɗaya ya kamata su rufu. In sai ka sa tafin hannu ka danna, sun yi tsauri. Kowane makulli yana da zare, in ka murza shi yana ƙara ko rage tsawo kamar milimita guda a kowane zagaye, ka yi amfani da wannan maimakon tsallake haƙori guda.

Yanzu ka tsaya cak: yatsu su taɓa gaba, haka ake so. Ka tura gwiwa gaba har ƙwauri ya jingina da harshe: yatsu su ja baya su saki hancin. In haka ta faru, maganar tsawo ta ƙare.

Saura faɗi, kuma a nan nake zaton matsalarka take. Milimita 100 da aka rubuta, a lamba 26.5 ake auna ta, wato daidai taka, ƙafarka kuwa 104. Wanda ya tashi cikin silifa da takalmi buɗaɗɗe yatsunsa a baje suke. Koma cikin ɓawo zalla, ka tsayar da ƙafa a tsakiya. In gefe biyu suna taɓa roba tun ba 'yar ciki, babu dabarar gida da za ta warware wannan. Aikin shago ne: su gasa wurin da na'urar hura iska mai zafi, su tura shi waje da matsi, su bar shi ya huce a haka. Milimita uku ko huɗu ba abin wahala ba ne a wurinsu. Abin da za ka yi a nan shi ne ka gano wurin daidai. Shafa jambaki a kan ƙashin da ke ciwo, ka zura ƙafar a hankali, ka danna ta gefe, ka fito. Inda ja ya fito a cikin ɓawon, ka zagaye shi da alƙalamin maka ta waje.

Sawa a gida kuwa, minti 15 zuwa 20 da yamma, a tsaye, kana tura gwiwa gaba kana dawowa. Zama a kujera da ƙafa a miƙe ba ya ƙara komai sai matse yatsu.

Baduku Daura

Malam ya yi bayani. Ni ta ɓangaren sana'a zan ƙara, don kada ɗana ka kai wa mai gyara ya ɓata maka kaya da kyakkyawar niyya. Fata ce ake jiƙawa a cusa mata itace ta kwana ta buɗe. Wannan robar ba ta shan ruwa, itace kuma ba ya motsa ta in ba zafi. In aka kusantar da ita ga garwashi ko risho, waje zai ƙone ya yi ƙyalli tun ciki bai yi laushi ba, wurin kuma shi zai fara tsagewa a cikin sanyi. Tsoma duka takalmin a tafasasshen ruwa ma haka, ba ka da iko da inda zai karkace, kuma ƙasansa ba a son ya goce ko kaɗan.

Abin da hannu zai iya a nan shi ne 'yar cikin, in irin wadda ake gasawa ce. Duba jikinta ko takardar da ta zo da ita, ana rubutawa. In ba a rubuta ba, bar ta.

Cire shimfiɗar tafin ƙafa da ke ciki, zafi yana nannaɗe ta. 'Yar cikin tana cikin ɓawonta, makullai a kwance. Ɗanyar shinkafa kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, ka zuba a doguwar safa ka ƙulle bakin. In akwai na'urar ɗumama abinci kuma an kawo wuta, minti huɗu zuwa shida gwargwadon ƙarfinta. In babu, busasshiyar tukunya a kan wuta kaɗan, kana juyawa ba tsayawa, sannan ka zuba a safar auduga, don ta roba narkewa za ta yi. Zafin da ake so shi ne wanda hannu ba zai iya daɗewa a kai ba, amma shinkafar ba ta sauya launi ba. In ta fara ƙauri, ta wuce, bari ta huce. Zura safar shinkafar har hanci, ka bubbuga takalmin gaba da baya don ta cika ko'ina, ka bar ta kamar minti goma.

Kafin nan ka shirya ƙafa. Yanke kan tsofaffin safa guda biyu ka rufa wa yatsu kamar hula, shi zai buɗa musu fili. Yanko soso mai tauri, kaurin milimita uku, faɗin bakin kwalba, ka manna da filasta a kan ƙashin ƙaramin yatsa, wani kuma a kan tudun saman ƙafa. Sai ka ja siririyar safarka a kai. Zare shinkafa, mayar da shimfiɗa, zura ƙafa da sauri, ja bayan 'yar cikin sama don kada ta tattare a ƙasan diddige. Kulle sassauƙa, kada ka tamke, in ka tamke soson zai lotse ya zama siriri kuma ba zai dawo yadda yake ba. Ɗora hancin takalmin a kan katako mai kaurin santimita huɗu ko biyar, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka tsaya minti goma ba tafiya. Zai matse ka sosai a lokacin, haka abin yake. Ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Ga inda ake yawan kuskure. Lokacin gashi, a kan ƙashin ake manna soso, don ya haƙa mashi gurbi. Amma in za a manna soso na dindindin a jikin 'yar ciki, kewaye da ƙashin ake sawa, a yanke shi kamar zobe ko kofaton doki, ƙashin ya zauna a ramin. Wanda ya manna a kan wurin ciwo ya ƙara wa kansa matsi ne. Kuma a fara da salatif a gwada, kada a fara da gam, gam in ya kama soso sai dai a yage.

'Yar Rafindadi

Sannunku. Ƙanena, mutuwar saman ƙafar nan ita ta fi damuna, ba yatsan ba. Ta saman ƙafa jijiyar jini take bi zuwa yatsu, tare da jijiyar da ke kai ji tsakanin babban yatsa da mai bi masa. In makulli na biyu daga ƙasa ya danne wurin, ji ya ɗauke, jini kuma ya ragu. A Katsina wannan ɗan damuwa ne kawai. A Erzurum, garin da ke kan tudu kusan mita 1,900, inda sanyin Janairu kan kai digiri 15 ƙasa da sifili har ya wuce, ƙafar da jini ba ya isar ta ita ce sanyi ke ƙonawa, kuma mai ita ba zai ji ba tunda ta riga ta mutu.

Ka lura da inda abin yake farawa. In tsakanin babban yatsa da na biyu ne, daga sama ake danne ka. In zafi ne kamar barkono a ƙasan tushen yatsu, wajen na uku da na huɗu, daga gefe ake matse ka. Gwada barin makullan ƙasa biyu a buɗe gaba ɗaya na minti goma. In mutuwar ba ta zo ba, makulli ne. In ta zo duk da haka, rufin takalmin ya yi maka ƙasa, sai a shago su rage kaurin allon da ke kwance a ƙasan ɓawon, ko su rage soson harshe.

Shimfiɗar da ke zuwa da takalmi yawanci fallen soso ce kawai. Ƙafa in ta ɗauki nauyi ba abin da ya tallafi kwarin tafinta, sai ta baje, ta ƙara tsawo da faɗi, ƙaramin yatsa ya tokari gefe. Shimfiɗa mai tauri da gurbin diddige takan rage wannan. Sai dai mai kauri tana ɗaga ƙafa ta ƙara matsin sama, don haka a irin ƙafarka siririya za ka nema.

Ka kuma gwada idon sawunka. Tsaya gaban bango ba takalmi, babban yatsa santimita 10 daga bangon, ka tura gwiwa ta taɓa bango diddige bai ɗaga ba. Takalmin nan a karkace yake zuwa gaba, in idon sawu ba ya lanƙwasuwa yadda ya kamata nauyi duka zai koma kan tushen yatsu, tafin ƙafa ya riƙa zafi. In ka kasa, ka riƙa miƙe jijiyar sha-raɓa kullum: dafa bango, ƙafa ɗaya a baya, diddige a ƙasa, daƙiƙa 30 sau uku gwiwa a miƙe, sau uku gwiwa a lanƙwashe. Daga yanzu zuwa Disamba akwai lokaci.

Ana cewa a cire safa a duba inda fata ta yi ja. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai. Ka nemi inda ya yi duhu, ko ƙyalli, ko zanen safa ya lotsa, ka danna da yatsa ka ji. Yanke farce gajere. Kaushi da faso a gyara su tun yanzu da dutse da man kaɗanya, busasshiyar iskar can tana ƙara tsaga su. In ka yi alwala a kan dutse, ka goge ƙafa ta bushe ƙarau har tsakanin yatsu kafin ka mayar da safa. Mai sikila ko ciwon suga kuma ya ga likita kafin ya shiga wannan wasa, sanyi da tudu da matsi duka ba sa yi masu daɗi.

Mai Kusugu

Ni ban goyi bayan shinkafar nan sosai ba, Baba Baduku ka yi haƙuri. Tana aiki, amma tunda yaron zai koma tun Satumba, ga wata biyu a hannunsa, kuma Palandöken a bakin gari take, dutsen da aka yi wasu daga cikin wasannin gasar hunturu ta jami'o'in duniya a 2011, masu wannan aiki ba za su yi wuyar samu ba. Shaguna da yawa suna gasa wa wanda ya saya a wurinsu. Wasu takalman ma ɓawon kansa ake gasawa a tandar shago ya ɗauki siffar ƙafa, irin su Custom Shell na kamfanin Salomon, Memory Fit na Atomic da Vacuum na Fischer. In naka cikinsu yake, milimita huɗun nan a zama ɗaya za a gama da su. Tandar gida ko ta gidan burodi ba ta wannan aiki, zafinta ba a daidaice yake ba.

Abin da ba a faɗa ba shi ne zafin garinmu yana ruɗi. Roba tana laushi a zafi, tana tauri a sanyi. Lamba 90 a ɗakinka za ta lanƙwashe ba wuya har ka ce ta yi maka laushi, a kan dutse kuwa wani takalmi ne daban. Ƙafa ma tana kumbura a zafi. Don haka kada ka yanke hukuncin tauri a nan, kada kuma ka bari a ƙwaƙule cikin ɓawon bisa abin da ka ji a Katsina.

Ajiya: bayan kowace sawa ka zaro 'yar cikin ta sha iska a inuwa, ba a rana ba. Damina ce, gumi in ya kwana a soso zai yi fumfuna. Ka mayar, ka kulle makullai a haƙorin farko don bakin ɓawon kada ya buɗe. Kada ka bar shi a but ɗin mota ko kusa da rufin kwano, mota a rana tana wuce digiri 60, wannan ya isa ya sauya siffar soso. Ka rataye shi ko ka sa a jaka, ɓera yana son soso mai gishirin gumi. Zafi da laima kuma su ke tsufar da irin wannan roba, shi ya sa tsohon takalmin gwanjo kan fashe rana ɗaya ko da a ido yana da kyau.

Kada ka taka shi a yashi ko siminti, a kan darduma kawai. Hanci da diddigen ƙasansa su ke shiga tarkon da ke riƙe takalmi a kan allon zamiya, in sun cinye tarkon ba zai sake ka daidai ba ranar da ka faɗi, a nan gwiwa ke tafiya. Duba ko an rubuta GripWalk, wato sunan wani nau'in ƙasan takalmi, a ƙasan, in haka ne sai da tarkon da ya dace da shi. A gefen diddige akwai wata lamba ta milimita, wajen 305 a girmanka, ita mai saita tarko zai nema tare da nauyinka da tsawonka.

Ɗan Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada. Tazarar diddige santimita 1.7, yatsu suna sakin gaba in na tura gwiwa. Da na bar makullan ƙasa a buɗe saman ƙafar bai mutu ba. Amma a ɓawo zalla ƙafar dama tana taɓa gefe biyu, jambakin ya fito daidai tushen ƙaramin yatsa. Gwajin bango, hagu ta kai 10, dama ta tsaya a 7. Malam, da wanne zan fara in na koma?

Na-Gobarau

To madalla, takalminka ne, kada ka sayar. Fara da shimfiɗar tafi, don ita ke sauya inda ƙafa ke zama, in aka buɗa ɓawo kafin ita sai ka tarar ramin ba ya kan ƙashin. Da ita a ciki ka sake gwajin jambaki. Sai gasa 'yar ciki, sai buɗa gefen dama a ƙarshe. Ka ce su fara da milimita biyu, ka yi zamiya kwana biyu ko uku, in da saura ka koma a ƙara. Turawa da zafi ya fi ƙwaƙulewa, don abin da aka ƙwaƙule ya tafi kenan. Bayan an buɗa kuma kada ka jingina shi da na'urar ɗumama ɗaki don ya bushe, wurin da aka tura yana iya komawa.

Ƙafar dama da ta tsaya a 7, ci gaba da miƙewar da Hajiya 'Yar Rafindadi ta faɗa. In Disamba ta zo ba ta kai ba, su sa maka ɗan tudu na milimita huɗu ko biyar a ƙasan diddige, tsakanin ɓawo da 'yar ciki, a duka ƙafa biyu don tsayuwarka ta daidaita. Shi ma yana ɗan ɗaga saman ƙafa, saboda haka ranar da aka sa shi ka sassauta makulli na biyu daga ƙasa da zagaye ɗaya ko biyu.